Wane keke ne zai kai ka tsaunukan Panyam da Kerang, ya kuma dawo da kai?

Wani ƙanena da ke aiki a Kaduna ya kira ni kwanakin baya kansa a ɗaure. Ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi keke, ba na zuwa ofis ba, na yawon ƙarshen mako a ƙauyukan Filato, musamman wajajen Mangu inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke jere. Ya ga hotunan Turawa a waya suna keta gonaki a kan wani keke mai lanƙwasasshen kai irin na tsere amma da tayoyi masu ɗan kauri. Su suna ce masa "gravel", ni kuwa keken burji nake kiransa. Abokinsa ya ce a'a, keken hawan dutse zai saya. Wani ya ce ya ƙara kuɗi ya sayi mai batir ya huta. Da maganar ta kai kunnen mahaifinmu, sai tsoho ya yi dariya ya ce ai Raleigh ɗinsa na nan jingine a zaure, iska kawai za a sa masa.

Uku daga cikin huɗun nan na hau su a waɗannan hanyoyi, na huɗun kuma, mai batir, na ari na wani na yini guda. Abin da na gaya wa ƙanen nawa shi zan shimfiɗa a nan.

Ƙasar da za a taka

Jos na zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga teku, tsaunukan Shere da ke gabas da garin kuma sun kai mita 1,829. Galibin duwatsun da baƙo ke gani a Filato, irin na Riyom da suka hau kan juna, ba na aman wuta ba ne, dutse ne irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Na aman wutar da suka fi fitowa fili suna kudu maso gabas. In ka bar Jos ka bi Bukuru, Mararabar Jama'a, Heipang da Barikin Ladi, ka wuce Mangu mai nisan kusan kilomita 80 daga Jos, daga wajen Panyam za ka fara hango su: tsaunuka kamar an kife ƙwarya, wasu da rami a ka. A Kerang ake ɗura ruwan kwalba na SWAN, kusa da Ampang kuma akwai tafkin Pidong da ke kwance a cikin bakin wani dutsen da wutarsa ta daɗe da mutuwa.

Ga mai keke, wannan tarihin ƙasa yana nufin abu uku a ƙarƙashin taya. Akwai titin burji mai gargada, wanda motocin ɗaukar dankalin Turawa da masara suka yi wa tsaga-tsaga. Akwai baƙin dutsen da ya daskare daga narkakkiyar wuta, mai nauyi, wanda in ya fashe yake barin baki kamar wuƙa, kuma manoma kan tsince shi daga gona su tara a gefen hanya. Sai kuma ƙasar da dutsen nan ya ruɓe ya zama, ja mai duhu, mai albarka ga shuka, amma da ruwa ya taɓa ta sai ta koma kamar ƙullin tuwo, ta manne wa taya ta ƙi saki. Ƙara da shingen kyarana da ƙayoyinsa, da hanyoyin ƙafa da ruwa ya zaizaye tsakiyarsu.

Hawan ma ba irin na Hawan Kibo ba ne da za ka daɗe kana ja a kan kwalta. Gajeru ne masu tsini. Ka gangara rafi, ka haye, ka tarar da tudu a gabanka kamar bango, mita ɗari uku ko biyar, sannan wani gangaren. Haka za ka wuni.

Ma'aunan da na ɗora su a kai

Kuɗi shi ne na farko, amma ba kuɗin saye kaɗai ba. Keke na cin taya, sarƙa da robar birki, kuma ƙurar burji na cinye su da wuri fiye da kwalta. Na sa farashin da dala saboda kusan duk kayan nan shigo da su ake yi, kuɗinsu na naira na bin canji.

Na biyu giya. Lissafin mai sauƙi ne: ka ƙirga haƙoran faifan gaba, ka raba da na faifan baya mafi girma. Abin da ya fito shi ne yawan juyin da taya za ta yi in ka juya feda sau ɗaya. A tsaunukan nan, in lissafin ya haura 1, to ka shirya sauka ka tura. Mutumin Kano ko Katsina da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya ƙara sanin cewa numfashinsa zai ɗan gajarta a kwanakin farko, don Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba.

Na uku faɗin taya, da kuma sararin da ke tsakaninta da jikin keke. Faɗin shi ke shanye gargada ya kare gargaren daga dutse, sararin kuma shi ke barin laka ta wuce.

Na huɗu, wanda masu saye suka fi mantawa da shi: wa zai gyara? Akwai mai gyaran keke a kusan kowace kasuwar ƙauye, amma kayan da ke cikin akwatinsa na kekunan da mutanen garin ke hawa ne.

Na biyar haɗari. Akwai na faɗuwa a gangare, akwai kuma na lalacewar keke da zai sa dare ya yi maka a inda ba a san ka ba. A wannan yanki na biyun ba abin wasa ba ne, zan dawo kansa.

Keken burji

An haife shi ne a tsakiyar ƙasar Amurka, inda titunan gona suke miƙe sambal, an baje musu tsakuwa da gireda. Babbar gasar da ta fito da sunansa, wadda yanzu ake kira Unbound, an fara ta a garin Emporia na jihar Kansas a 2006, a kan mil 200. Sai a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan hawa, a Italiya. Na kawo wannan ne don a san irin hanyar da masu ƙera shi suke da ita a zuciya: doguwa, mai tsakuwa, wadda ake gudu a kanta.

A irin wannan hanya babu kamarsa. Nauyinsa kilo 9 zuwa 11 ne, faɗin tayoyinsa milimita 38 zuwa 45. In ka tashi daga Jos da ƙafarka, ka ci kwaltar Barikin Ladi sannan ka sauka burji, shi kaɗai ne cikin huɗun zai yi maka duka biyun ba tare da ka ji kana jan kaya ba. Lanƙwasasshen kan yana ba ka wuri uku na ɗora hannu, abin da ba za ka san darajarsa ba sai ka yi awa biyar a kan sirdi. In ka iso inda ba ya hawuwa, ka saɓa shi a kafaɗa ka haye.

Amma kuɗinsa ba kaɗan ba. Sabo mai jikin alminiyom da za a iya dogara da shi yana farawa ne daga kimanin dala 1,000 a ƙasashen da ake sayar da shi, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Mai jikin kabon, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, ya ninka haka ko fiye, kuma ban ba kowa shawarar kawo shi nan ba: in dutse ya tsaga kabon babu mai waldar da zai taɓa shi. Na hannu kuwa ba ya yawa a cikin kekunan da ake saukewa daga kwantena, don su ma can ba su daɗe da fara hawansa ba.

Giyarsa tana kan iyaka. Da yawa suna zuwa da haƙori 40 a gaba, 42 a baya, wato 0.95. Matashi mai ƙarfi zai haye galibin tuddan da shi, amma ba da kaya ba, ba kuma a tudu na goma sha biyar na yinin ba. In za ka saya, nemi mai faifai biyu a gaba, 46 da 30, da 34 ko 36 a baya.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Tayar keken burji Turawa kan rubuta mata inci 28, ta tsohon keken ƙarfe irin Raleigh ma inci 28 ake ce mata, amma ba sa shiga gargaren juna. Na farko faɗin gargarensa milimita 622 ne, na biyu 635. Za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka taya lamba 28, a miƙo maka, ka dawo ta ƙi zama. Bawul ɗinsa ma siriri ne, bututun mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan maƙali, wanda bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba amma rashinsa zai sa ka tura keke. Tubles, wato taya marar tiyub, na taimakawa sosai a kan ƙaya, don ruwan roban da ke ciki yana toshe ƙananan huji kana tafe, sai dai yana bushewa cikin 'yan watanni a iskar hunturu, kuma in baƙin dutse ya yanke gefen taya babu ruwan da zai toshe.

Ni a laka ya ba ni kunya. Wata Asabar a farkon damina, ruwa ya sauka da dare, na ce ai zuwa hantsi ta sha iska. Ban yi kilomita biyu da barin kwalta ba tayoyin suka yi kumburi da jar ƙasa, ta cika sararin da ke ƙarƙashin sirdi, ta haɗa da ciyawa ta shige cikin giyar baya. Na taka da ƙarfi sau ɗaya, na ji ƙas. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar ya karye, ita kuma ta naɗe cikin wayoyin taya. Na saɓi keke har wani ƙauye, aka nuna mini wani dattijo a gindin mangwaro da tulin tsofaffin gargare a gefensa.

"Baba, ko akwai dabara?"

Ya juya keken, ya daɗe yana kallon giyar, ya ce, "Ɗana, wannan kam ta riga mu gidan gaskiya. Sai dai mu mai da shi irin namu."

Ya cire ta gaba ɗaya, ya sa ƙusa da guduma ya rage sarƙar, ya ɗora ta a kan faifai ɗaya na tsakiya. Da giya ɗaya na koma, ina sauka a kowane tudu. Ƙarfen da ya karye kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma kowane samfurin keke da irin nasa, sai da na jira makonni aka aiko mini daga waje. Tun daga ranar ba na fita sai da guda a aljihu.

Keken hawan dutse

Wanda nake nufi shi ne mai shokozoba a gaba kawai, bayansa a sandare. Nauyinsa kilo 12 zuwa 14, faɗin tayoyinsa inci 2 zuwa 2.4, wato milimita 50 zuwa 60, kansa a miƙe kuma da faɗi.

Duk abin da ƙasar Kerang ke jefo wa mai keke, wannan yana da amsarsa. Giyarsa ta ƙasa, ko tsohon yayi mai 22 a gaba da 34 a baya, ko sabon yayi mai 32 da 51, tana wajen 0.65. Da ita za ka hau tudun da mai keken burji ke turawa, kana zaune kana hira. Faɗin tayar na ba ka damar rage iska ta kwanta a kan duwatsu maimakon ta riƙa tsalle. A gangare mai zaizaya, inda sabon shiga ya fi faɗuwa, zaman da yake ba ka a miƙe ne, nauyinka a baya, yatsunka a kan birki. Laka ma tana kama shi, kada a yi ƙarya, amma sararinsa ya fi yawa, yakan kai ka nesa kafin ka tsaya ka nemi tsinken sakace ta.

Sabo mai kyau daga kamfanonin da aka sani yana tsakanin dala 600 da 1,000. Amma ƙarfinsa a wurinmu na hannu ne. Tsofaffin kekunan Trek, Giant, Specialized da ire-irensu masu taya inci 26 suna shigowa da yawa daga Turai, ana samunsu a manyan garuruwa da kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Taya da tiyub na inci 26 su ne suka fi samuwa a kasuwanninmu cikin duk na kekunan giya, bawul ɗinsu sau da yawa irin na mota ne, birkinsu na waya da roba ne wanda kowane mai gyara ya gane kansa. Masu inci 29 sun fi daɗin hawa kan gargada, amma tayarsu sai babban gari.

In za ka sayi na hannu, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Duba inda aka haɗa bututun jikin, musamman ƙarƙashin wuya, ko akwai tsaga. Kama birkin gaba ka danna kan: shokozoba mai rai za ta nutse ta dawo a hankali, matacciya ko ta sandare ko ta yi ƙara. Ɗaga taya ka juya ka ga ko tana rawa. Ja sarƙar daga faifan gaba, in ta ɗago har kana ganin haƙori a ƙasanta, ta gama aiki, kuma mai yiwuwa ta cinye faifan baya tare da ita. Ka sa kuɗin sarƙa, robar birki, wayoyi da tayoyi biyu a cikin lissafinka tun kafin ka yi tayi. In birkin na mai ne kuma na kamfanin Shimano, kada ka yarda a zuba masa man birkin mota, nasa daban ne, na mota yana lalata robobin ciki.

Akwai kuma masu kyan ɗan maciji: sababbi fil, masu sifirin a gaba da baya, da lambobi masu ƙyalli da rubutun giya 21, ana sayar da su da arha a kantuna. Nauyinsu ya kusa na keken ƙarfe, sifirin ɗin na cinye ƙarfin ƙafarka a hawa, giyar kuma ba ta zama inda aka sa ta. Araha ba ta ado. Tsohon keke na gaske mai shekara goma sha biyar ya fi su nesa ba kusa ba.

Aibin keken dutse a kwalta yake. Tayoyin na gurnani, iska na dukan ƙirjinka, mai keken burji zai bar ka a baya tun kafin Heipang. Hannu kuma wuri ɗaya yake zama, yakan yi sanyi bayan 'yan awoyi. Maganin na farko shi ne ka sa keken a mota zuwa Mangu ko Panyam ka fara daga can.

Tsohon keken ƙarfe

Dariyar mahaifinmu ba ta banza ba ce. Raleigh, Phoenix, Hero da danginsu su ne kekunan da suka san hanyoyin nan tun kafin a haife mu. Jikinsu ƙarfe ne da mai walda zai iya ɗinkewa, giya ɗaya, birkin sanda, kariya mai ɗaukar buhu. Babu abin da zai lalace a jikinsu da dattijon gindin mangwaro ba shi da shi a gwangwaninsa, daga boris har fatar bawul. Su ne mafi arha a saye, mafi arha a riƙe, kuma babu wanda zai waiwayo ya kalle ka, wanda shi ma wani irin tsaro ne.

Sai dai ka lura da yadda manomi ke amfani da nasa. A tudu ba ya hawa, turawa yake yi, keken ya zama amalanke. Giyarsa ɗaya tana wajen 2.5, kusan ninki huɗu na giyar ƙasa ta keken dutse, ga nauyin kusan kilo 20. A shimfiɗaɗɗun wurare tsakanin gonaki yana tafiya lafiya lau, manyan tayoyinsa da sirdinsa mai sifirin suna shanye gargada fiye da yadda ake zato. Amma yawon da ya kamata ya zama hawa sai ya koma rabinsa tafiyar ƙafa.

Abin da ya fi tsorata ni da shi birki ne. Roba ce ke kama gargaren ƙarfe, kuma da gargaren ya jiƙe, ko daga ruwan sama ko daga ƙetare rafi, sai ka matse har ƙarshe keken na ci gaba da tafiya. Mutanen garin sun san kowace kwana, sun san inda ake sauka. Baƙo bai sani ba. Madigadinsa ma yana daf da taya, laka na toshe shi nan da nan.

Keke mai batir

Yinin da na yi da shi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tudun da nake haki a kansa na haye ina kallon gonakin acca. Ga wanda shekaru suka ja, ko gwiwa ke damunsa, ko mai son ya bi abokai da suka fi shi ƙarfi, wannan ne zai buɗe masa ƙasar.

Iri biyu ne. Mai inji a cikin taya ya fi arha, amma a tudu mai tsini yana zafi yana rage ƙarfi. Mai inji a tsakiya, wajen feda, shi ne na hawa, kuma daga kamfanin kirki ba ya yin ƙasa da kimanin dala 2,500. Batirinsa kan kai ka kilomita 40 zuwa 80 gwargwadon hawa da nauyinka, cajinsa na cin awa huɗu zuwa shida, wanda a ƙauye yana nufin neman mai sola ko mai janareta. In ya mutu a hanya, kana da kilo 20 zuwa 25 da za ka tura. Shigo da shi ma aiki ne: jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin da ya wuce Wh 160, wato awon yawan wutar da yake riƙewa, na keke kuwa yakan kai 400 zuwa 600 ko fiye, don haka ba ya biyo ka a jaka. Na hannu caca ne, don ba ka san sau nawa aka yi cajin batirin ba, kuma sabon batir na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin keken. In injin ya samu matsala kuwa, dattijon nan zai ce maka Allah ya kiyaye hanya.

Ga su a jere

| Ma'auni | Keken burji | Keken dutse | Keken ƙarfe | Mai batir |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin sabo | daga dala 1,000 | dala 600 zuwa 1,000 | mafi arha | daga dala 2,500 |
| Samun na hannu | da wuya | da sauƙi | ko'ina | akwai, amma caca |
| Nauyi | kilo 9 zuwa 11 | kilo 12 zuwa 14 | kusan kilo 20 | kilo 20 zuwa 25 |
| Hawan tudu | da ƙoƙari | da sauƙi | sai turi | mafi sauƙi |
| Gangare mai duwatsu | sai gwani | mafi aminci | haɗari in ya jiƙe | da kyau, amma nauyi |
| Kwalta | mafi sauri | a hankali | a hankali | da sauri |
| Laka | yana toshewa da wuri | yana jurewa | yana toshewa | yana jurewa |
| Gyara a ƙauye | kaɗan | galibi | duka | ban da inji da batir |

Lokaci da zaman lafiyar hanya

Damina a Filato na farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara a farkonta. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ne lokacin da na fi so: ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, hazo bai rufe tsaunuka ba. A Disamba da Janairu sanyin asuba na sa yatsu su ƙi kama birki, ka tafi da safar hannu. A rani bambancin keken burji da na dutse yana raguwa sosai, a damina kuwa yana buɗewa.

Kowa ya san abin da yankin nan ya gani. An yi mummunan rikici a Mangu a 2023, a ƙarshen Disamba na shekarar kuma aka kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da suka ci rayuka masu yawa. Kada ka shiga ƙauyukan nan da taswirar waya kaɗai. Ka tambayi halin da ake ciki a ranar, ka tafi da ɗan gari, ka gai da mai unguwa in za ka hau dutse ko ka je bakin tafki, don wasu wuraren suna da alfarma a wurin masu su. Kada ka keta gona, kada ka ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, ka kuma tsara tafiyarka yadda la'asar za ta same ka a bakin kwalta. A hanyar Bukuru da Barikin Ladi za ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ruwansu kwance gwanin sha'awa bayan ka sha rana. Suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, ba wurin wanka ba ne. Hular kwano kuma ba ta cikin abin da ake tayi a kai, kowane keke ka hau.

Wa ya dace da wanne

In kai sabon shiga ne, ko kuɗinka a ƙirge suke, ko kana son hawa har cikin damina, ko burinka ka kai gindin duwatsun ta hanyoyin ƙafa, sayi keken dutse na hannu mai taya inci 26 daga kamfanin da aka sani, ka kashe ragowar kuɗin a kan tayoyi masu kyau, famfo, tiyub biyu, kayan faci da hula. Wannan na gaya wa ƙanena, kuma ina jin shi ne amsar mutum bakwai cikin goma da za su yi mini wannan tambaya.

In ka riga ka saba da doguwar tafiya a keken tsere, kana zaune a Jos ko Bukuru, kana son ka fita daga ƙofar gida ka haɗa kwalta da burji kilomita ɗari a yini, kuma galibin hawanka a rani ne, keken burji naka ne. Ka zaɓi na alminiyom ko na ƙarfe, wanda zai ɗauki taya milimita 45, mai giyar ƙasa da ba ta kai 1 ba, ka sayo ƙarfen mariƙin giya biyu da maƙalin bawul tare da shi.

In gwiwa ko shekaru ne suka hana ka, kana da wuta tsayayya a gida da motar da za ta kai keken Panyam ta dawo da shi, mai batir mai injin tsakiya zai yi maka, muddin ba ka wuce rabin cajin ba kafin ka juyo.

In kuwa kana da dangi a wajen, za ka je ka kwana biyu ne ka zaga gonaki da kasuwa ba tare da gaggawa ba, ari keken ƙarfen gidan, ka sa a ɗaure masa birki, ka sauka a duk gangaren da ka ga mai gidan ya sauka.